Littafin Tsawa da Amanar Inna Asabe

Bana shekara goma ke nan da rasuwar maigidana, Injiniya Haruna. A wani asibiti da ke kusa da gidanmu na Wheaton, a jihar Maryland ta Amurka, Allah ya karɓi abinsa bayan ya sha fama da ciwon hanta. Duk shekara idan watan ya zagayo nakan yi abinci in aika masallaci, in kira 'yan'uwansa na Jos mu yi masa addu'a, shi ke nan. Ban taɓa tunanin zan yi rubutu a kansa a jarida ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce, rubutuna bai wuce na bayanin marasa lafiya ba. Amma akwai maganar da ta daɗe tana cina a rai, kuma shekarun nan sun isa mutum ya gaji da haɗiye ta.

Mutanenmu na nan sun san Injiniya a matsayin mai zanen gadoji da tituna, mutum mai sanyin magana wanda ba a rasa shi a sahun gaba ranar Juma'a. Kaɗan ne suka san abin da ke ɗakin ƙasa na gidanmu. Kantoci ne tun daga ƙasa har silin, cike da littattafan tarihin makaɗan rok, wato kiɗan nan na jitar lantarki da ganguna mai ƙara kamar za a tsaga bango. Ba sauraren kiɗan kawai yake yi ba, labarin makaɗan ne ya fi ɗauke masa hankali. Ƙungiya ɗaya sai ya sayi littafi uku ko huɗu a kanta, ya baje su a tebur yana gwada abin da wannan ya ce da abin da wancan ya ce. Muna cikin mota za mu kasuwa sai ya fara ba ni labarin yadda wani mai ganga ya yi faɗa da mai jita a kan waƙa ɗaya har suka shekara ba sa magana. In ce masa, “Baban Sadiq, ni me ya haɗa ni da rigimar wasu Turawa masu gashi har kafaɗa?” Ya yi dariya, ya ci gaba da labarinsa kamar ban ce komai ba.

Abokansa ma ba su bar shi ba. Akwai wani likita ɗan Zariya da ke Annandale wanda duk haɗuwarsu sai ya ce, “Injiniya, har yanzu ba ka tuba ba? Da furfurarka?” Shi kuwa sai ya ce ai karatu yake yi, ba rawa ba.

Abin ya samo asali ne tun yana ɗan sakandare a Jos. A lokacin akwai wasu samari huɗu, biyu Musulmi biyu Kirista, da suka haɗa ƙungiyar kiɗa suka sa mata suna Tsawa. Suna kaɗa jitar lantarki irin ta Turawa, amma rabin waƙoƙinsu da Hausa suke yi. Shugabansu, kuma mai rera waƙar, shi ne Ɗanlami, ɗan wani leburan haƙar kuza. Injiniya ya sha ba ni labarin yadda yake tsallake katangar makaranta ya je ya laɓe a bayan garejin da suke gwaji, ba don ya gan su ba, don dai ya ji. Faifai ɗaya suka fitar, sai ƙungiyar ta watse. Bayan wasu shekaru aka ce Ɗanlami ya rasu. Babu wanda ya san fiye da haka, kuma babu wanda ya tambaya.

Wannan shi ne ciwon da ke ransa. Sai ya ɗauko wani ƙaton littafi ya buɗe mini shafi, ya ce, “Dubi nan, Maman Sadiq. An rubuta har irin takalmin da wannan ya sa ranar da suka fara hawa dandamali. Namu kuwa ko sunansu babu a takarda. Wallahi da kin ji muryar Ɗanlami a fili, da kin san ba su fi shi da komai ba sai masu rubutu.”

A farkon shekarun dubu biyu ya ce shi zai rubuta. Daga nan duk hutun da ya samu sai Jos, da 'yar rikodarsa da jakar kaset. Ya nemo mutum biyu da suka rage a cikin huɗun, ɗaya ya zama fasto, ɗaya yana gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya nemo tsofaffin hotuna, da takardun tallan wasa da aka manna a bango a da, da mutanen da suka yi rawa a wuraren suna samari, yanzu sun zama alhazai da dattawan coci, suna ba da labari suna waige kada jikokinsu su ji. Yana dawowa sai ya shige ɗakin ƙasa ya yi ta sauraren kaset yana tsayarwa yana rubutu.

A cikin wannan tsakanin ne Nafi'u ya shigo rayuwarmu. Yaro ne ɗan Kaduna da ya zo karatun digiri na uku a fannin tarihi, wani ya ba shi lambarmu. Ya sauka a gidanmu har ya samu ɗaki a Takoma Park, kuma bayan ya tashi ma duk Lahadi yana nan, ya ci tuwo ya tafi da na gobe a roba. Yana kiran Injiniya Yaya, ni kuma Anti. Shi ne mutum na farko da ya sauka ɗakin ƙasan nan bai yi dariya ba. Ya tsaya yana karanta sunayen littattafan ɗaya bayan ɗaya, ya ari biyu, ya dawo da su mako na gaba da tambayoyi. Ban taɓa ganin maigidana ya yi farin ciki da baƙo kamar yadda ya yi da yaron nan ba. Ina kicin ina jin musunsu yana hawowa ta matakala, a kan wane littafi ne ya faɗi gaskiya, wanne ne ya yi rufa-rufa.

A wancan lokacin Injiniya yana da ra'ayi mai ƙarfi a kan wannan. Yakan ce littafin da ya wanke mutum tas ba tarihi ba ne, talla ce. Babin da ya fi so a kowane littafi shi ne na faɗuwa, inda ake faɗin yadda shaye-shaye ya cinye wane, yadda aka tsinci wane a ɗakin otel. Ba don mugunta ba, cewa yake a nan ne ake ganin mutum a mutum. Nafi'u yana zaune yana gyaɗa kai yana kwashewa.

Sai wata tafiya da Injiniya ya yi Jos ya dawo ba yadda ya tafi ba. Kwana biyu bai sauka ɗakin ƙasa ba. Ranar da ya ga dama, da yamma ina yankan albasa, ya ja kujera ya zauna ya ba ni labari. Matar Ɗanlami, Inna Asabe, tana raye. Ya daɗe da gano gidanta, amma ta ce ba ta da abin faɗa. Bai matsa mata ba, duk zuwa dai sai ya je ya gaishe ta, ya zauna a tabarma a zaure su taɓa hirar duniya ya tashi. A wannan karon ita da kanta ta ce ya kunna rikodarsa. Ta fara da labarin yadda suka haɗu, da yadda iyayenta suka ƙi makaɗi, da waƙar da ya yi mata. Daga nan ta wuce inda bai zata ba. Bayan ƙungiyar ta watse Ɗanlami ya faɗa shan ƙwaya har hankalinsa ya taɓu. 'Yan'uwansa suka ɗauke shi suka kai shi gidan mari a wani ƙauye, kuma a can ya mutu, da ƙarfe a ƙafarsa. 'Ya'yansa suna ƙanana a lokacin, aka ce musu zazzaɓi ne. A haka suka girma, a haka suka yi aure suka haifi nasu.

Da ta gama sai ta shiga ɗaki ta fito da hoton Ɗanlami guda, wanda ƙanensa ya ɗauka a ziyarar ƙarshe a gidan marin. Injiniya bai nuna mini ba, ni ma ban nema ba. Ya ce ta gaya masa ba za ta iya ƙona shi ba, don shi ne hotonsa na ƙarshe a duniya, kuma ba ta son ta mutu yara su tsince shi a ƙasan akwatinta. Ta ce, “Na ga kana son shi tsakani da Allah, shi ya sa. Na gaji da ɗaukar abin nan ni kaɗai. Amma wannan na kunnenka ne, ba na littafi ba. Amana na ba ka.” Ya ce ya karɓa, Allah ne shaida.

Tun daga ranar karatunsa ya sauya. Bai daina sayen littattafan ba, amma na lura idan ya iso babin faɗuwa yakan rufe ya daɗe yana kallon taga. Wata rana ya ce mini, “Kin san yanzu idan na karanta yadda wani ya lalace, sai in tuna yana da mata. Yana da 'ya'ya da za su shiga kantin littattafai wata rana.” Ya ce zai rubuta cewa Ɗanlami ya rasu bayan doguwar jinya, wanda ba ƙarya ba ne, ya tsaya a nan.

Allah bai nufa ya rubuta ba. Ciwon ya zo da sauri, kafin mu farga ya rame har agogonsa yana zamewa daga hannu. Ni da nake aikin jinya na san inda aka dosa, shi ma ya sani. Wata Lahadi bayan la'asar ya sa aka kira Nafi'u, ina zaune a wurin da kofin kunu a hannuna. Ya ce masa ga akwatunan kaset da takardun nan, ya ɗauka ya ƙarasa aikin, ya sa sunansa a kai, shi ba ya bukatar komai sai dai a san an yi Tsawa a duniya. Sai ya zaro wata ambulan ruwan ƙasa daga ƙarƙashin matashinsa, da hoton nan da kaset ɗin hirar Inna Asabe a ciki. Ya ce wannan ba ta cikin aikin. Ya gaya masa abin da ke ciki a taƙaice, don ya san inda zai taka a hankali idan ya zo rubutu. Ya ce tunda Nafi'u zai je gida bincike a bazarar nan, ya kai wa Inna Asabe hannu da hannu, ya ce mata wanda ta ba wa ajiya ya tafi, ga ajiyarta, ta zaɓi wanda za ta ba. Nafi'u ya dafa ƙirji, hawaye yana zuba. Ya ce, “Wallahi Yaya, ko buɗewa ba zan yi ba.”

Da Injiniya ya rasu, Nafi'u yana cikin waɗanda suka shiga kabari suka karɓi gawarsa. Da ya dawo daga Najeriya ina tsakiyar takaba, ya zo ya durƙusa ya gaishe ni, ya ce, “Anti, na isar da saƙon Yaya. Tsohuwar ta yi kuka, ta yi masa addu'a.” Na ce Allah ya yi masa albarka. Na ji nauyi ya sauka daga kaina.

Shekara huɗu bayan haka littafin ya fito, da Turanci. Nafi'u, wanda ya riga ya zama Dakta, ya kira ni da kansa ya ce za a ƙaddamar a wani kantin littattafai a Takoma Park ranar Asabar da rana, kuma an ware mini kujera a gaba. Na sa lesin da Injiniya ya fi so, na tafi da ɗanmu Sadiq. Wurin ya cika. Yawanci Turawa ne masu furfura, wasu da gashin a ɗaure ta baya, irin mutanen da maigidana yakan haɗu da su a shagunan tsofaffin faifai ya dawo yana ba ni labarinsu. Akwai mutanenmu kaɗan. Da aka saki waƙar Tsawa ta lasifika, muryar Ɗanlami ta cika ɗakin, na ga wani dattijo ya rufe ido yana kaɗa kai, sai na fashe da kuka. Kukan daɗi ne. Na ce a raina, Baban Sadiq, ga abin da ka so, ya tabbata.

Daga nan Nafi'u ya ce zai karanta babin da ya fi ba shi wahala. Aka rage fitila, aka haska hoto a jikin bango. Mutum ne zaune a ƙasa, ƙasusuwan ƙirjinsa a waje, kansa a aske rabi da rabi, mari a ƙafafunsa, yana kallon mai ɗaukar hoton kamar yana ƙoƙarin tuna ko wane ne. A ƙasan hoton an rubuta cewa daga taskar marigayi Injiniya Haruna aka samo shi. Kafin in gama karanta wannan, sai muryar wata tsohuwa ta fito daga lasifikar, tana magana da Hausar Jos a hankali, fassarar tana gudana a bango. Ban taɓa jin muryar ba, amma ban bukaci a gaya mini mai ita ba. Ta faɗi ƙwayar, ta faɗi ƙauyen, ta faɗi ranar da aka zo aka ce mata ya cika. Daidai nan aka yanke. Inda ta ce amana ce, ba a sa ba.

Aka yi tafi mai tsawo. Wata Baturiya da ke gefena ta kama hannuna ta matse, ta ce mijina jarumi ne da ya adana irin wannan. Na kasa ko ɗaga kai. Sadiq ya sunkuyo yana tambayata da Turanci ko lafiya, na ce masa mu tafi.

Nafi'u ya biyo mu har wurin ajiye motoci. Na ce, “Ashe ba ka kai mata ba.” Bai musa ba. Ya ce ya je Jos da niyyar kaiwa, amma da ya saurara sai ya ga idan babu wannan babin, littafin ba shi da zuciya. Na ce, “Ka saurara? Kai da ka rantse ko buɗewa ba za ka yi ba?” Ya ce, “Anti, ki fahimce ni. Tarihi ba mallakar mutum ɗaya ba ne. Yaya da bakinsa ya koya mini cewa littafin da ya wanke mutum tas talla ce.” Na dube shi, yaron da na zuba wa tuwo shekara da shekaru. Na ce, “To me ya sa ba ka sa sunanka a ƙasan hoton ba? Me ya sa sai nasa?” Ya ce wai girmamawa ce. Na shiga mota na rufe ƙofa.

Na karanta littafin daga bango zuwa bango, kuma zan faɗi gaskiya ko da tana mini zafi: littafi ne mai kyau. Nafi'u ya iya rubutu. Jos ta wancan zamani tana motsi a cikinsa, har ƙamshin garejin nan kamar mutum zai ji. Masu son irin waɗannan littattafai sun karɓe shi hannu bibbiyu. Sadiq yakan nuna mini abin da suke rubutawa a intanet, wannan ya ce ya karanta sau uku, wancan ya ce ya ajiye shi a kanta ɗaya da na manyan ƙungiyoyin da duniya ta sani. Kusan dukkansu babin nan suke yabo, suna cewa shi ne ya bambanta shi da sauran, don bai ɓoye komai ba. Wasu har da gode wa marigayin da ya tara kayan. An sake buga faifan Tsawa, yau yaro a kowace ƙasa zai iya jin muryar Ɗanlami a wayarsa.

Ban ga laifin masu yabon ba. Maigidana ɗaya ne daga cikinsu, na zauna da irinsu shekara ashirin da wani abu, na san son da suke yi ba na wasa ba ne. Sau da yawa nakan tambayi kaina me zai ce da yana nan. Na tabbata da a kan wasu mutane na wata ƙasa aka rubuta shi, da ya saya ranar da ya fito, ya hana ni barci da labarinsa, kuma a shekarunsa na farko da wannan babin zai fi yabo. Mai karatu yana ganin shafi ne kawai. Ba ya ganin zauren da aka zauna, ba ya jin abin da aka ce kafin a kunna rikoda da bayan an kashe. Injiniya ya shiga zauren, shi ya sa ya sauya. Abin da ke ƙona mini rai shi ne an ɗauki maganarsa ta kafin ya shiga, an yi amfani da ita an rushe alkawarin da ya yi bayan ya fito.

Ba a yi shekara ba sai ga waya daga Najeriya. Mace ce, ta ce sunanta Rakiya, babbar 'yar Ɗanlami, a wurin dangin maigidana ta samu lambata. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba ta ce, “Ke ce matar mutumin da ya sayar da hoton babanmu?” Ɗanta da ke jami'a ne ya ga hoton yana yawo a waya, abokansa suna tura wa juna, da sunan kakansa a sama da sunan mijina a ƙasa. Ya kawo mata. A haka mace mai shekara arba'in da wani abu ta san yadda mahaifinta ya mutu, a tsaye a tsakar gida, daga wayar ɗanta. Ta ce ta je ta tambayi mahaifiyarsu, tsohuwar ta yi kwanaki ba ta ci abinci ba. Na yi ƙoƙarin yi mata bayani, ta kashe wayar.

Da na samu hutu na tafi Jos. Ƙanwar Injiniya ta raka ni gidan. Inna Asabe 'yar ƙaramar tsohuwa ce, idonta ya fara dushewa. Ta sa aka shimfiɗa mini tabarma, aka kawo ruwa, ta amsa gaisuwata yadda ya kamata, har ta yi mini ta'aziyyar da ba ta samu yi ba, don sai a bakin Rakiya ta ji ya rasu. Na kwashe komai na gaya mata, da ambulan, da rantsuwar, da ƙaryar da aka yi mini ina cikin takaba. Ta saurara ba ta katse ni ba. Da na gama sai ta ce, “Na ji, 'yata, kuma ban ce kin yi ƙarya ba. Amma ni ban san wani Nafi'u ba. Mijinki na sani. Shi ya zauna a inda kike zaune ɗin nan. Abin da na ce na kunnensa ne, me ya kai shi hannun wani?”

Na so in ce mutuwa ce ta zo masa, na so in ce niyyarsa ya dawo mata da abinta. Duk gaskiya ne, kuma duk ta riga ta ji. Na roƙe ta ta yafe masa. Ta ce, “Allah ya yafe mana baki ɗaya.” Wanda ya san Hausa ya san wannan ba e ba ce, ba kuma a'a ba. Da shi na dawo Amurka. Bayan shekara biyu aka aiko mini ta rasu.

A nan kuwa, manyanmu da na kai wa kuka sun ce in yi haƙuri, in bar wa Allah, kada a ɓata sunan yaro mai tasowa. Yaron ya taso. Yanzu farfesa ne, ana gayyatarsa taruka ya yi magana a kan kiɗan Afirka. Muna haɗuwa a filin Idi, ya rusuna ya ce, “Anti, barka da Sallah,” in amsa, don amsa gaisuwa wajibi ne. Bana ya aiko mini saƙo cewa za a sake buga littafin, yana son ya sadaukar da shi ga Yaya, in taimaka masa da hoton marigayin mai kyau. Na ce ya cire wancan hoton, ya cire sunan mijina daga ƙarƙashinsa, ya je Jos ya durƙusa gaban Rakiya, sannan mu yi maganar wani hoton. Ya ce masu bugawa ba za su yarda ba. Na ce to ni ma haka.

Idan na zauna ina auna abin da ya rage na Injiniya bayan shekara goma, sai in ga abu biyu da suka ƙi haɗuwa. Burinsa ya cika fiye da yadda ya yi mafarki, ba don wahalarsa ba da Tsawa ta bi iska, kuma wannan ba wanda zai ƙwace masa. Amma a gida ɗaya tak da ya fi damuwa da ra'ayinsu a duk duniya, sunansa sunan maci amana ne. Baƙin da ba su taɓa ganinsa ba suna sa masa albarka a kan abin da bai yi ba, waɗanda suka ba shi ruwa ya sha suna tsine masa a kan abu ɗin nan dai.

Shi ya sa nake roƙon duk wanda ya karanta wannan a Jos kuma ya san gidan, ya kai wa Rakiya da ƙannenta. Rakiya, bai sayar ba. Bai nuna wa kowa hoton ba, ko ni da nake matarsa. Ya yarda da wanda bai kamata ya yarda da shi ba, kuma mahaifiyarku ta yi gaskiya da ta ce nauyin a wuyansa yake. Ya mutu yana zaton ajiyarta tana hanyar komawa gida. Ban ce ku yafe wa littafin ba, mutumin nake roƙa wa.

Allah ya jiƙan Ɗanlami, ya jiƙan Inna Asabe, ya jiƙan Injiniya Haruna. Su ukun yanzu suna inda ba sai na yi wa kowa bayani ba.